Takaddamar irin GMO a Ghana da batun 'yancin abinci: daga gonakin gwaji zuwa kasuwannin Zangon Kumasi

A watan Yulin 2024 Ghana ta fitar wa manoma da irin wake mai suna Songotra-T, amfanin gona na farko da aka sauya wa ƙwayoyin halitta wanda hukuma ta amince a noma don kasuwa a ƙasar. Kafin a kai ga wannan rana an shafe fiye da shekara goma ana ja-in-ja a majalisa da kotuna da kafafen yaɗa labarai, tsakanin masana aikin gona na gwamnati da ƙungiyoyin manoma da na farar hula. Masu adawa suna kafa hujjarsu a kan abin da ake kira 'yancin abinci, wato ikon al'umma na yanke wa kanta hukunci kan irin da za ta shuka da abincin da za ta ci. Batun ya shafi mazauna Zangon Kumasi kai tsaye, domin wake na cikin ginshiƙan sana'arsu da cimarsu, kuma wani kaso na waken da ake sayarwa a birnin daga ƙetaren iyaka yake shigowa.

Mene ne irin GMO

GMO, ko OGM a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, taƙaitaccen suna ne na halittar da masana suka sauya wa ƙwayoyin gado a ɗakin bincike. Galibi ana ɗauko wata ƙwayar gado daga wata halitta daban a dasa ta cikin shuka domin ta samu wata siffa da ba ta da ita. Wannan ya bambanta da ingantaccen irin da manoma suka saba saye, wanda ake samu ta hanyar haɗa aure tsakanin nau'o'in shuka iri ɗaya da zaɓen mafi kyau daga cikinsu. Mutane da yawa na cakuɗa biyun, har ana kiran kowane tumatur mai girma ko masara mai sheƙi da sunan GMO, alhali yawancinsu ba su da alaƙa da wannan fasaha.

A cikin waken Songotra-T an dasa ƙwayar gado mai suna Cry1Ab, wadda aka samo daga wata ƙwayar halittar ƙasa da ake kira Bacillus thuringiensis, ko Bt a taƙaice. Ita ke sa shukar ta samar da wani sinadari da ke kashe tsutsar Maruca, wadda ke cin furen wake tana huda kwansonsa. Masana sun ce a shekarar da tsutsar ta yi yawa tana iya lalata har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala kusa da Tamale ce ta yi aikin a Ghana, tare da gidauniyar AATF mai hedkwata a Nairobi. Kamfanin Monsanto na Amurka, wanda Bayer na Jamus ya saye a 2018, shi ya bayar da ƙwayar gadon ba tare da kuɗin mallaka ba, yayin da cibiyar CSIRO ta Ostireliya ta yi aikin dasa ta cikin waken.

Zangon Kumasi da cinikin abinci

Alaƙar Hausawa da Kumasi ta faro ne daga fataucin goro. Ayarin fatake daga Kano da Katsina kan bi ta ƙasar Borgu zuwa Salaga, inda suke musayar tufafi da kanwa da fatu da goron ƙasar Asante. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da kuma mamayar da Turawan Ingila suka yi wa Asante a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, fatake da malamai da tsofaffin sojoji suka yi ta zama a Kumasi. Daga nan unguwannin Zango suka bunƙasa, irin su Tsohon Zango da Sabon Zango da Aboabo da Asawase. A yau mazaunansu sun haɗa da Hausawa da Mosawa da Dagomba da Zabarmawa da Fulani da Wangarawa da Kotokoli da Yarbawa, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da masallaci.

Tasirin wannan al'umma ya fito fili a cikin abincin da Ghana baki ɗaya ke ci. Waakye, dafa-dukar shinkafa da wake da ake rinawa da karan dafi, ta samo sunanta ne daga kalmar wake. Koose shi ne ƙosai, ana cinsa da safe da kokon gero da ake kira Hausa koko. Tuo zaafi kuma tuwon zafi ne. Akwai tubani, wanda shi ma da garin wake ake yinsa. Mata da yawa a Zango da wannan sana'a suke ciyar da gida da biyan kuɗin makarantar yara, don haka duk abin da ya taɓa farashin wake ko amincin masu saye da shi ya taɓa tukunyarsu.

Waken da ke isowa Kumasi yana fitowa ne daga yankin Ejura da kasuwar Techiman da jihohin arewacin Ghana, sannan daga Burkina Faso da Nijar da Najeriya, saboda abin da ƙasar ke nomawa ba ya isar ta. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye mata. Albasar Galmi ma daga Nijar take zuwa, tumatur mai yawa kuma daga Burkina Faso. 'Yan Zango na cikin dillalai da direbobi da 'yan dako da ke riƙe da wannan hanya ta fatauci.

Dokoki da gonakin gwaji

Ghana na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Cartagena, wadda aka ƙulla a 2000 ta fara aiki a 2003, domin tsara yadda ake ketare iyaka da halittun da aka sauya. A 2011 ƙasar ta kafa dokar kare lafiyar halittu mai lamba 831, wadda ta haifar da hukumar NBA mai ba da izinin gwaji da shigowa da irin waɗannan kayayyaki. Ƙa'idojin aiwatar da dokar sun fito a 2019.

An fara gwaji a killatattun gonaki a 2013. A arewa SARI ta gwada waken Bt da audugar Bt. A jihar Ashanti kuwa, cibiyar binciken amfanin gona da ke Fumesua a gefen Kumasi ta gwada wata shinkafa da aka sauya domin ta riƙa amfani da taki kaɗan, a garin Nobewam da ke kan hanyar Accra. Gwajin audugar da na shinkafar ba su kai ga fitar da iri ga manoma ba. Waken ne ya ci gaba, hukumar NBA ta amince a sake shi a gonaki a watan Yunin 2022, sannan aka ƙaddamar da shi a 2024.

A farkon 2024 kuma hukumar ta yi rajistar nau'o'i 14 na masara da waken suya da aka sauya, takwas na masara, shida na waken suya. Izinin na shigowa da su ne domin abinci da abincin dabbobi da sarrafawa a masana'antu, bai haɗa da shukawa ba. Duk da haka sanarwar ta tayar da ƙura, ƙungiyar ƙananan manoma ta PFAG na cikin waɗanda suka yi tir da ita.

Masu adawa da shari'o'insu

Ƙungiyar da ta fi yin fice a wannan gwagwarmaya ita ce Food Sovereignty Ghana, wadda aka kafa a 2013. Tare da ita akwai PFAG, da ƙungiyar ma'aikatan gona ta GAWU, da cibiyar CIKOD mai aikin raya ilimin gargajiya. A fagen siyasa, jam'iyyar CPP a ƙarƙashin Samia Nkrumah, 'yar shugaban ƙasar na farko, ta fito ƙarara ta goyi bayansu.

A watan Fabrairun 2015 Food Sovereignty Ghana ta shigar da ƙara a babbar kotun kare haƙƙin ɗan Adam da ke Accra, tana neman a hana fitar da wake da shinkafar da aka sauya. Hujjarta ita ce hukumomi ba su cika sharuɗɗan dokar 2011 ba, musamman na tantance haɗari da jin ra'ayin jama'a. Kotu ta ƙi bayar da umarnin dakatarwa na wucin gadi a cikin wannan shekarar, shari'ar kuma ta yi ta jan ƙafa har zuwa watan Mayun 2024, lokacin da kotun ta yi watsi da ƙarar. Bayan wata biyu aka ƙaddamar da Songotra-T.

Fage na biyu shi ne dokar mallakar iri. A 2013 aka gabatar wa majalisa da ƙudirin kare haƙƙin masu ƙirƙirar iri, wanda masu adawa suka laƙaba wa suna dokar Monsanto. Zanga-zanga da koke-koke sun sa aka jingine shi na tsawon shekaru. A ƙarshen 2020 aka zartar da shi da sabon suna, ya zama doka mai lamba 1050, kuma a watan Disambar 2021 Ghana ta shiga ƙungiyar UPOV a kan yarjejeniyarta ta 1991. Dokar ta shafi kowane sabon iri da aka yi wa rajista, ko an sauya masa ƙwayoyin gado ko ba a sauya ba. Abin da ya fi tayar wa manoma hankali shi ne hukuncin da ta tanada, wanda ya haɗa da ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga wanda ya keta haƙƙin mai iri da gangan. A tsarin UPOV na 1991, ƙasa na iya barin manomi ya ajiye irin da ke da kariya ya sake shukawa a gonarsa, amma sayar da shi ko musayarsa a matsayin iri na buƙatar izinin mai shi. Food Sovereignty Ghana ta ƙalubalanci dokar a kotun ƙoli a 2021, kotun ta kori ƙarar a 2023.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Babbar hujjar masu adawa ta shafi mallaka. A al'adar noman yankin, manomi kan ware iri daga girbinsa, ya ba maƙwabci, ya saya a kasuwar ƙauye. Suna fargabar cewa idan iri ya koma hannun kamfanoni da cibiyoyin da ke dogaro da kuɗin ƙetare, manomi zai wayi gari yana saye duk shekara a farashin da ba shi ya yanka ba, nau'o'in gargajiya kuma su ɓace. Suna kuma nuni da cewa Afirka ta Yamma na cikin mahaifar wake, akwai danginsa na daji a yankin, saboda haka ƙwayar gadon Bt na iya tsallakawa zuwa gare su. Sauran damuwarsu sun haɗa da yiwuwar tsutsa ta saba da sinadarin bayan wasu shekaru, da ƙarancin bincike mai zaman kansa a cikin gida kan lafiyar masu ci, da rashin alamar da za ta nuna wa mai saye abin da yake saye.

Masu goyon baya na amsawa da cewa cibiyar gwamnati ce ta samar da wannan wake, babu kuɗin mallaka a kansa, kuma da yake wake shuka ce mai barbarar kanta, manomi na iya ajiye irinsa ya sake shukawa. Sun ce manomin da ke fesa maganin ƙwari sau shida zuwa takwas a damina zai iya komawa sau biyu, abin da ke rage kashe kuɗi da gubar da ke shiga jikin mai feshi. Kan batun lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abincin GMO da ke kasuwannin duniya ya tsallake gwajin tantancewa, kuma ba a ga illarsa ga lafiyar jama'a a ƙasashen da aka amince da shi ba. Ta ƙara da cewa kowane nau'i sai an tantance shi shi kaɗai.

Akwai abin da ya kamata dillalan wake su sani: sinadarin Bt na maganin tsutsar gona ne, ba ya hana ƙwarin da ke huda wake a rumbu ko a buhu. Matsalar zuba guba a cikin wake lokacin ajiya tana nan daram, kuma ita ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015, bayan an samu sinadarin dichlorvos fiye da kima. Maganin da aka sani na wannan matsala shi ne buhun PICS mai ruɓi uku da ke hana iska shiga, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa a yankin tun daga 2007.

Ta fuskar addini, wanda ke da nauyi a Zango, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa ta tattauna batun a Makka a 1998. Ta halatta amfani da fasahar a noma da kiwo bisa sharaɗin a ɗauki matakan kauce wa cutar da mutum ko dabba ko muhalli, ta kuma nemi kamfanoni su bayyana wa masu saye abin da kayansu ya ƙunsa.

Darasin maƙwabta

Misalin da masu adawa suka fi kawowa shi ne na Burkina Faso. Ƙasar ta fara noman audugar Bt ta Monsanto don kasuwa a 2008, cikin 'yan shekaru ta mamaye fiye da rabin gonakin auduga. Feshi ya ragu, amma zaren audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya. A 2016 kamfanonin audugar ƙasar, ciki har da Sofitex, suka daina amfani da irin, suka nemi diyyar sama da CFA biliyan 48. An sasanta a 2017. Masana sun danganta matsalar da yadda aka haɗa ƙwayar gadon da nau'in audugar gida, masu adawa kuma suka ɗauke ta a matsayin shaidar abin da ke faruwa idan ƙasa ta miƙa irinta ga kamfani guda.

Najeriya ta bi wata hanya. Ta kafa hukumar NBMA a 2015, ta amince da waken Bt a 2019, aka fitar da shi da sunan SAMPEA 20-T daga cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru, Zariya, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. A watan Janairun 2024 aka fitar da masarar TELA. Can ma akwai adawa mai ƙarfi, musamman daga gidauniyar HOMEF ta Nnimmo Bassey, kuma a 2024 majalisar wakilai ta nemi a binciki yadda aka shigo da irin GMO ƙasar.

Ma'anar 'yancin abinci

Ƙungiyar manoma ta duniya La Via Campesina ce ta fito da wannan ra'ayi a taron abinci na duniya da aka yi a Roma a 1996. Wadatar abinci na nufin kowa ya samu abin da zai ci, ko daga ina ya fito. 'Yancin abinci ya ƙara da tambayar wa ya noma, da wane iri, a ƙasar wa, kuma wa ke yanke farashi. A watan Fabrairun 2007 wakilai daga ƙasashe da dama suka hallara a taron Nyéléni a Sélingué ta ƙasar Mali, inda aka fayyace manufofin tafiyar. A Afirka ta Yamma, ƙungiyar manoma ta ROPPA da aka kafa a Kwatano a 2000 da gamayyar COPAGEN ne ke ɗauke da tutar, kuma manufar noma ta ECOWAS ko CEDEAO ta 2005 ta ambaci wannan buri.

A Ghana tunanin dogaro da kai a abinci ya girmi takaddamar GMO. Gwamnatin soja ta Ignatius Acheampong ta ƙaddamar da shirin ciyar da kai a 1972. Gwamnatin Nana Akufo-Addo ta zo da shirin shuka don abinci da ayyukan yi a 2017, ta John Mahama kuma ta ƙaddamar da shirin Feed Ghana a Techiman a watan Afrilun 2025. Duk da haka ƙasar na ci gaba da shigo da shinkafa da daskararrun kaji da tumatur da albasa masu yawa. Kowane ɓangare na kafa hujja da wannan giɓi: masu goyon bayan GMO na cewa ƙarin amfanin gona ne zai rage sayayya daga waje, masu adawa na cewa abin da manomi ya rasa shi ne ruwan ban-ruwa da hanya da rumbun ajiya da bashi mai sauƙi da kariya daga kayan waje masu araha.

Ga al'ummar da rayuwarta ta dogara da fataucin ƙetare iyaka, kalmar na da kaifi biyu. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 da rufe iyakokin da ya biyo baya, motocin albasa sun maƙale a hanya, farashi ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin Ghana. A watan Agustan 2024 Ghana ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya saboda farin da ya afka wa arewacinta, a watan Oktoba kuma Nijar ta hana fitar da shinkafa da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso. Idan kowace ƙasa ta fassara 'yancin abinci da rufe ƙofarta, ɗan kasuwar Zango ne ke fara ji a jikinsa. Shi ya sa ƙungiyoyi irin su ROPPA ke kallon batun a matakin yanki baki ɗaya.

Inda aka kwana

A shari'ance an share wa waken Bt hanya a Ghana, kuma ana nomansa a Najeriya. Tambayar da ta rage ita ce ta alama da zaɓi. A kasuwar Kejetia ko ta Asawase ana auna wake ne da gwangwanin olonka daga buɗaɗɗen buhu, wanda wataƙila ya ratsa hannun dillalai uku ko huɗu daga ƙasashe biyu. Ido ba ya bambanta Songotra-T da tsohon Songotra da manoman arewa suka daɗe da sani, sai da gwajin ɗakin bincike. Dokar manna alama na iya aiki a kan kayan da aka ƙunshe a leda ko gwangwani, amma da wuya ta kai ga mai tuyar ƙosai a Aboabo da masu sayen ƙosanta. Ƙungiyoyin adawa na ci gaba da neman a tilasta alama, a sassauta hukuncin dokar 1050, a kuma zuba kuɗi wajen adana irin gargajiya. Cibiyar SARI da abokan aikinta kuma na ƙoƙarin yawaita irin domin ya isa hannun manoma.